Shekara Uku Ina Goge Abin da Ba Kaushi Ba

Ranar lallen bikin ƙanwata ne, cikin Disambar 2022, sanyi ya sauka sosai. Mun cika tsakar gida, kowa ta miƙe ƙafa a kan tabarma tana jiran layi. Da aka zo kaina, mai lallen ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta juya ta, ta shafa tafin da babban yatsanta, sai ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda na kusa za su ji, "Anti, wannan ƙafar ko na zana ba zai zauna ba. Ki ɗan riƙa sa mata dutse mana."

Dutse! Ni da na cinye duwatsun goge ƙafa uku a shekara biyu. Na yi dariyar yaƙe, na janye ƙafata na rufe da zani, na ce a yi mini na hannu kawai. Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san abin da ake nufi idan aka ce ƙafarki ta yi kaushi. Ba ciwo ake nufi ba, ƙazanta ake nufi. Namiji zai yi yawo da faso kamar bakin rijiya a ce aikin gona ne, mace kuwa ko yaya diddigenta ya yi fari an gama yanke mata hukunci.

Abin ya faro ne da daminar 2020, kuma ba a diddige ya faro ba. Tsakanin ƙaramin yatsana na ƙafar dama da na kusa da shi ne ya yi fari ya jiƙe, yana ƙaiƙayi, irin abin da muke kira cin ruwa. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, wa damina ba ta yi wa haka? Da ruwa ya ɗauke ya lafa. Amma daga nan sai tafin ƙafar ya fara wani irin bushewa. Fatar ba ta ɓarewa manya-manya, sai dai wani farin gari-gari da ke kwanciya a cikin layukan tafin ƙafa, kamar na taka garin alabo. A hankali ya haura gefen ƙafar, ya zagaye diddige, ya tsaya a wani layi kamar an shata, daidai inda bakin takalmi sau-ciki yake tsayawa. Kafin shekara ta zagayo ƙafar hagu ma ta kama.

Ni malamar firamare ce, a tsaye nake wuni gaban allo, cikin takalmi rufaffe da safa, don haka na ɗora laifin a kan alli da ƙura. Na shiga magani irin na gida. Ruwan ɗumi da gishiri da daddare, a jiƙa ƙafa, a goge da dutse har sai ta yi ja. Man kaɗanya. Basilin a ɗaure da leda a kwana. Da hunturu ya zo faso ya buɗe, na koma yanke gefen tsagar da reza. Umma ta ce sanyi ne ya yi mini yawa, ta aiko da jiƙo. Gwaggona kuwa ta kalli ƙafar ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko na tuna taka wani abu a ƙofar gida. Na san inda ta dosa, na ce mata ban taka komai ba sai ƙasa.

Wanda ya fi ɓata mini lokaci shi ne man da na saya a kemis. Na nuna wa yaron shagon ƙafar, ko sunkuyawa bai yi ba ya miƙo mini wani ɗan bututu, ya ce wannan haɗin abu uku ne, komai yake kashewa. Wallahi cikin kwana huɗu ƙaiƙayi ya tsaya cak, fatar ta yi laushi, har na yi wa abokan aikina tallarsa. Ina dainawa da mako guda abin ya dawo, ya fi da. Na sake saya. Haka na yi ta yi wata takwas, ana magani kai na kaba. A cikin watannin nan ne farcen babban yatsana ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa idan na zo yankewa. Sannan tafin hannuna na dama, shi kaɗai ban da na hagu, ya fara irin wannan farin garin.

Bayan bikin da mako uku, zuciya ta ɗebe ni na zauna na yi wa diddigen aikin reza fiye da kullum. Garin neman gira na kusa rasa ido. Kwana biyu tsakani tsagar ta kumbura, ta ɗauki zafi, ja ya fara haurawa wajen idon sawu, kaluluwa ta fito mini a matsematsi, zazzaɓi ya rufe ni. Maigidana ya ce yau kam ba kemis, asibiti za mu.

Likitan da ya fara ganina a sashen marasa lafiya na yau da kullum bai tsaya kan kaushin ba. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka samu ƙofa ta tsagar suka shiga ƙarƙashin fata, ya rubuta mini maganin kashe su na mako guda, ya ce in riƙa ɗora ƙafar a kan filo. Ya zana layi da biro a bakin inda jan ya tsaya, ya ce idan ya tsallake layin nan in dawo ko da tsakar dare ne. Sannan ya tura ni gwajin suga, da sassafe kafin in ci komai. Na tambaye shi me ya haɗa suga da faso. Ya ce mai ciwon suga jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, jini ya rage isa can, sai ƙaramar tsaga irin tawa ta zama gyambon da ke kai mutum ga rasa ƙafa, shi ya sa ba ya barin mai ciwon ƙafa ya wuce bai duba ba. Sakamakon ya nuna 5.2. Ya ce daga 7.0 zuwa sama ne ake maganar ciwon suga, in gode wa Allah. Daga nan ya rubuta mini takardar zuwa sashen fata.

Ranar da aka ba ni ta kai mako shida a gaba, farkon Maris. Nas ɗin da ta rubuta ranar a katina ta ɗago ta ce, "Malama, me kike shafawa?" Na fito da bututun daga jaka. Ta karɓa ta duba bayansa, ta girgiza kai. Ta ce daga yau in ajiye shi, kuma mako biyu kafin ranar kada in shafa komai, ko basilin, kada in goge da dutse, kada in sa lalle. Suna so su ga ƙafar yadda take, ba yadda na gyara ta ba.

Waɗannan makonnin su ne mafi wuya a duk tafiyar. Da na daina man, ƙafar ta yi kamar ta huce haushin wata takwas a kaina. Ƙaiƙayi ya hana ni barci, ina goga tafin ƙafa a bakin gado kamar akuya a jikin garu. Sau biyu ina ɗauko bututun daga inda na jefa shi, ina mayarwa. Ga lokacin ya faɗo daidai da wahalar takardun kuɗi, lokacin canjin naira, kuɗin adaidaita ma sai an sha fama. Na kusa cewa a bar shi kawai.

Ranar asibitin na isa bakwai saura, na tarar da mutum kusan talatin a gabana. Ban shiga ba sai bayan azahar. Likitar mace ce, babba, da ɗalibai uku tsaye a bayanta. Na zauna na fara kwance takalmi, ta ce in dakata tukuna. Tambayoyi ta fara yi. Yaushe ya fara, ta ina ya fara, ƙafa ɗaya ko biyu. Akwai mai irin wannan a gidanmu? Ina da asma, ko na yi fama da ƙurajen ƙaiƙayi ina yarinya? Wane irin takalmi nake sawa, roba ko fata? Da wa nake haɗa silifas ɗin banɗaki? Sannan ta duba gwiwar hannuna, da gwiwar ƙafa, ta buɗe ɗankwalina ta duba fatar kai da bayan kunne. Na ce a raina, ni da na kawo ƙafa me ya kai mu kai?

Ita ta ba ni amsa ba tare da na tambaya ba, ko da yake ɗalibanta take koya wa. Ta ce tafin ƙafa ba shi da baki da yawa: cututtuka daban-daban duk da murya ɗaya suke magana a wurin, kauri, bushewa, tsagewa. Akwai wata cutar fata da ake kira sorayasis, wadda ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, jiki ne ke gaggawar ƙera fata, kuma takan bar alama a gwiwa da fatar kai da farce, shi ya sa ta leƙa can. Akwai borin fata da robar takalmi ko rinin fata ke jawowa. Akwai kaurin tafin ƙafa na gado, wanda yaro ke tasowa da shi. Akwai kuma kaushi na gaskiya, na hunturu da yawo ba takalmi, domin tafin ƙafa ba shi da kafofin maiƙo irin na sauran jiki, gumi kawai yake fitarwa, don haka iska na bushewa shi ne farkon tsagewa. Ta ce maganin wata a cikinsu guba ne ga wata.

Sai a sannan ta ce in hau gado in miƙe ƙafa. Ta sa safar hannu, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a tsakanin na huɗu da na biyar. Ta bi layin da farin ya tsaya a gefen ƙafar da yatsanta. Ta ce in kawo hannuwana, ta haɗa su biyu ta kalla, ta juya ga ɗaliban ta ce, "Ƙafa biyu, hannu ɗaya. Me kuka gani?" Ɗaya daga cikinsu ya amsa da wani dogon suna. Ta tambaye ni da wane hannu nake sosa ƙafar da goge ta. Na ce da dama. Ta ce to shi ke nan, ni da kaina na kwaso na kai wa hannun.

Akwai abubuwa biyu da ta yi waɗanda ban manta ba. Ta ɗauko wani siririn zare mai kama da na kamun kifi, ta ce in rufe ido, in ce "eh" duk inda na ji an taɓa. Ta bi tafin ƙafar wuri-wuri. Duk na ji. Ta ce wannan gwajin jijiya ne, don suga da kuturta duk sukan kashe jin tafin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Na biyu, akwai wani dunƙulen kanta a ƙasan ƙaramin yatsana na hagu da ya daɗe yana damuna. Ta danna shi daga sama, na ce wash. Ta matse shi ta gefe da gefe, ban ji komai ba. Ta ɗan fere samansa da wuƙar tiyata, ta haska fitila. Ta ce kanta ce kawai, takalmi ne ya matse wurin. Da a ce irin tsiron nan ne da ƙwayar bairos ke kawowa, da matsewar gefe ce za ta fi zafi, da an ga ɗige-ɗige baƙaƙe a ciki bayan an fere, kuma da layukan fata sun kauce masa maimakon su ratsa ta kansa. Ta kuma tsaya kan wani ɗan baƙin tabo a tsakiyar tafin, ta tambaye ni tun yaushe yake. Na ce tun ina yarinya, kuma bai taɓa canzawa ba. Ta ce to babu komai, amma in sani cewa mu baƙaƙen fata, mugun ciwon dajin fata ya fi son ɓuya a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, don haka duk baƙin tabon da ya fito sabo, ko yake faɗaɗa, ko bakinsa ya zama ba daidai ba, ba na shafa wa mai ba ne.

Duk da ta riga ta gane abin da ido, ta ce ba za ta ba ni maganin sha ba sai ta gani a madubin likita. Ta goge gefen ƙafar da auduga mai sanyi, ta ɗauki bayan wuƙar ta kankare farin garin daga bakin layin, inda ta ce nan ne abin ya fi rai, ya zuba a kan wani ɗan gilashi. Babu zafi, kamar ana kankare ƙanzo a hankali. Ta yanki ɗan guntun farcen, ta kankaro marmashin da ke ƙarƙashinsa, ta yi wa hannun ma haka. A ɗakin gwaji aka ɗiga wa kowanne wani ruwa mai narkar da fata ya bar abin da ba fata ba, aka ce in jira. Na farcen ya fi daɗewa kafin ya narke.

Da na koma, mai gwajin ya ga ina leƙe, ya ce, "Malama, zo ki ga baƙin naki." Na sa ido. Da farko haske kawai na gani da wasu abubuwa kamar ɓawon albasa. Ya ɗan murɗa wani abu, sai ga su: zaruruwa sirara, masu gaɓa-gaɓa, sun yi rassa sun ratsa ko'ina kamar saiwar kiri-kiri a gona. Na daɗe ina kallo. Shekara kusan uku ina jin kunyar ƙafata, ina zargin kaina da rashin tsafta, ashe wani abu ne mai rai yake zaune yana kiwo a jikina.

Likitar ta ce fangas ne, dangin funfunar da ke fitowa a jikin burodi, kuma ɗan uwan makeron da ke cin kan yara. Abincinsa shi ne mataccen saman fata da farce, shi ya sa ya samu gida a tafin ƙafa, inda fatar ta fi ko'ina kauri. Cin ruwan da na raina a 2020 shi ne mafarinsa. Sai ta karɓi bututun nan nawa ta karanta wa ɗaliban abin da ke ciki: maganin fangas, maganin bakteriya, da sitiroyid mai ƙarfi. Ta ce na ukun shi ne ɓarawon. Yana kwantar da ƙaiƙayi da ja nan take, domin yana danne garkuwar fata a wurin, sai mai ciwo ya ga kamar ya warke, alhali an ɗaure mai gadi ne an bar ɓarawo a ɗaki. Yana kuma sirantar da fata, ya sauya kamannin ciwon har likita ya kasa gane shi. Ta ce a Indiya yawan shafa irin waɗannan haɗe-haɗen na cikin abin da ake dangantawa da ɓullar wani nau'in fangas da ba ya jin maganin da aka saba. Ban ce komai ba, ina tuna mutum nawa na yi wa tallarsa a ɗakin malamai.

Ta ce irin nawa, wanda ya mamaye tafin ƙafa ya shiga farce, man shafawa kaɗai ba ya ratsa shi, sai an haɗa da na sha. Amma kafin nan ta tambaye ni ko ina da ciki, ko ina shayarwa, ko na taɓa yin ciwon shawara, da irin magungunan da nake sha, har jiƙon Umma sai da ta ce in ajiye. Ta tura ni gwajin hanta. Da ya fito lafiya ta rubuta: tabinafin, ƙwaya ɗaya mai miligiram 250 kullum. Ta ce da fata ce kaɗai makonni kaɗan sun isa, amma saboda farcen sai na yi mako 12. Ta haɗa mini da man tabinafin na tsakanin yatsu, da wani mai mai sinadarin yuriya na diddige, wanda ke tausasa kaurin ya sa mataccen ya zube da kansa. Ta ja mini kunne: idan fitsarina ya yi duhu, ko idona ya yi ɗorawa, ko amai ya dame ni, ko ƙuraje suka feso, in tsayar da maganin in zo.

Sauran bayanin nata ba na magani ba ne, na zaman gida ne, kuma shi ya fi wuyar bi. Dutsen gogewa da rezar a zubar. Safa ta auduga, a canza kullum, a wanke da ruwan zafi sosai a shanya a rana. Takalmi biyu a riƙa musanyawa, kowanne ya samu yini guda ya bushe. Silifas ɗin banɗaki kowa da nasa. Sai maganar alwala. Ta ce ita ma tana yi sau biyar, ba ruwan ne matsala ba, barin sa ne. Mun iya tsattsefe yatsu, amma muna gamawa sai mu zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa ko takalmi. Ta ce in ware ɗan hankici na ƙafa kaɗai, in riƙa tsane tsakanin yatsun. Daga ƙarshe ta ce, "Maigidan fa? Kin taɓa duba ƙafarsa?"

Ban taɓa ba. Da daddare na ce masa likita ta ce a duba. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ai ni ce mai kaushi. Na matsa, ya miƙo ƙafar yana mita. Tsakanin yatsunsa uku fari fat, a jiƙe, har da tsaga. Ya ce wannan ai tun yana makarantar kwana yake da shi, ba ciwo ba ne. Na ce, "Abban yara, shekara nawa muna taka silifas ɗaya?" Bai amsa ba. Nasa bai kai ga farce ba, man shafawa aka ba shi, kuma sai da na riƙa ajiye masa shi kusa da buta kafin ya riƙa tunawa.

Na fara shan maganin wajen 10 ga Maris. Mako biyun farko ban ga komai ba, har na fara tunanin ko an yi kuskure, saboda na saba da man da ke aiki cikin kwana huɗu. Azumi ya kama, na mayar da ƙwayar bayan buɗa baki. A mako na uku na farka wata rana da asuba na lura ban sosa ƙafa ba duk daren. A na huɗu hannun ya washe. Tafin ƙafar kuma ya fara saɓa, mataccen yana fita da kansa wajen wanka, sabuwar fata tana bayyana a ƙasa, mai laushi har tana jin zafin tabarma. Tsagogin diddige suka haɗe daga ciki zuwa waje.

Sai ga wata matsala da ban zata ba. Kwanakin ƙarshen azumi na fara jin kunu ba daɗi, na ɗauka gajiyar baki ce. Ranar Sallah, 21 ga Afrilu, na zauna gaban tuwon shinkafa da miyar taushe da na yi da hannuna, na kai loma, ban ji komai ba. Ba gishiri, ba yaji, ba zaƙin kabewa, kamar ina tauna auduga. Na ƙara gishiri, yara suka ce ya yi yawa. Na ɗanɗana sukari, shi ma shiru, sai wani ɗaci-ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe. Hankalina ya tashi. Bayan hutun Sallah na koma asibiti ba tare da ranata ta yi ba, na roƙi nas ta shigar da ni.

Likitar ba ta yi mamaki ba. Ta ce maganin yakan yi wa wasu haka, ba da yawa ba, galibi bayan an yi wata guda ana sha, kuma idan ya faru ana tsayarwa ne, ba a daurewa, don in an ci gaba yana iya daɗewa bai dawo ba. Na ji haushi ba ta faɗa mini tun farko ba, na kuma gaya mata. Ta ce ina da gaskiya. Ta sake duba hanta, ta ba ni hutu, sannan ta canza mini zuwa itirakonazol, da wani tsari daban: a sha safe da yamma na mako guda, a huta mako uku, a sake, har zagaye uku. Shi wannan sai da cikakken abinci yake shiga jiki sosai, kuma ta sake tambayata game da ciki da ciwon zuciya kafin ta rubuta. Tsadarsa ta fi ta farkon, zagaye ɗaya ya ci kuɗin cefanen kwanaki. Ɗanɗanon bai dawo ba sai bayan kusan mako biyar, kuma da tsami ya fara. Ina shan lemon tsami a ruwa na ji ya cije ni a harshe, na kira yara ina murna kamar an yi mini albishir. Na rame a wannan tsakanin, don cin abinci ba ɗanɗano aiki ne.

Farcen shi ne mai taurin kai. Na gama magani gaba ɗaya yana nan yadda yake, mai kauri, ruwan ɗorawa. Na yi ƙorafi, likitar ta kama yatsan ta nuna mini gindinsa: wani siririn sabon farce mai haske ya fara turowa. Ta ce magani ba ya gyara wanda ya riga ya lalace, sabo yake karewa, kuma farcen babban yatsa yakan ɗauki shekara ko shekara da rabi kafin ya sauya gaba ɗaya. Ta ɗan yi masa tsaga da wuƙa a iyakar mai kyau da marar kyau, ta ce in riƙa kallo: muddin lalacewar ba ta tsallako tsagar ta dawo baya ba, muna kan hanya. Na zama mai duba farce kowace Juma'a.

Da daminar 2023 ta yi nisa, tsakanin yatsun nan biyu ya sake yin fari. Wannan karon na san shi. Na shafa man tabinafin yadda aka koya mini, ban tsaya don ƙaiƙayi ya lafa ba sai da na cika kwanakin, ya tafi. Da hunturu ya shigo kuma diddigena ya bushe ya ɗan yi kaushi, na tsorata na koma. Aka sake kankarewa, ba a ga komai ba. Likitar ta yi dariya ta ce wannan kam kaushi ne na kowa da kowa, in shafa man kaɗanyata bayan wanka tun ƙafar na da danshi, in sa safa in kwanta.

Bikin ɗiyar yayata ya zo bayan ƙaramar Sallar 2024, kuma mai lallen nan dai aka sake kira. Ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta juya ta, ta shafa. Ta ce, "Anti, wane mai kika samu? Ki taimaka mini da sunansa." Na ce ba mai ba ne, sai an kankara an duba tukuna. Ta ce ita ina ta ga lokacin layin asibiti. Sai ta zaro ƙafarta daga ƙarƙashin zani ta nuna mini, fari ya zagaye gefen har diddige, ya tsaya a layi. Na ce ta kawo hannuwanta in gani. Ta ajiye ledar lallen ta buɗe su, na dama ne.

Ta zana mini har tafin ƙafa ranar, ya kuma kama. Da ta zo kan babban yatsa ta tambaya ko ta rufe farcen da ja. Saura ɗan ɗorawa a bakinsa, bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba. Na ce ta bar shi haka, ina so in ga ranar da zan yanke shi.